A Bar Mai Rarar Wuta Ya Haska Maƙwabcinsa

A watan Janairu na shekarar 2021, 'yan tada ƙayar baya suka fasa turakun ƙarfe da ke ɗauke da babban layin wutar lantarki daga Damaturu zuwa Maiduguri. Nan take babban birnin Jihar Borno ya faɗa cikin duhu. Ma'aikatan TCN, wato kamfanin da ke kula da manyan layukan wuta na ƙasa, suka shafe kimanin wata biyu suna gyara cikin haɗari. Wuta ta dawo a ƙarshen watan Maris, amma ba ta cika mako guda ba aka sake fasa turakun. Daga nan sai da shekarar ta kusa ƙarewa kafin jama'a su sake ganin wutar gwamnati a gidajensu.

Ya kai mai karatu, ka tsaya ka auna abin da wannan yake nufi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40, kuma azumin wannan shekara a cikin watannin nan ya faɗo. Babu fanka, babu firji, babu wutar da za ta jawo ruwa daga rijiyar burtsatse. Duk da haka garin bai tsaya cik ba. Tela ya ci gaba da ɗinki, mai walda ya ci gaba da walda, asibiti ya ci gaba da karɓar haihuwa da dare. Da wace wuta? Da wadda mutane suka samar wa kansu: janareta ƙanana da manya, da farantan sola da batir. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ra'ayin da zan gabatar maka shi ne: daidai ne a bar kowane gida da kowace sana'a su samar wa kansu wuta, amma wannan izini bai cika ba sai an sauƙaƙa wa mai rara ya sayar wa maƙwabcinsa. Muddin izinin ya tsaya a bakin katangar gida, to mai kuɗi kaɗai zai ci moriyarsa.

Me ya sa wutar ba ta isa?

Kafin ka yanke hukunci, ya kamata ka san inda wutar take fitowa. Ana auna ƙarfin wutar lantarki da wat. Wat 1,000 shi ne kilowat ɗaya, kilowat 1,000 kuma shi ne megawat ɗaya. Nijeriya tana da mutane fiye da miliyan 200, amma wutar da babban layin ƙasa yake rarrabawa a yawancin ranaku tana tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000. Wannan ya yi kaɗan ƙwarai ga ƙasa mai girma haka.

Ban da ƙaranci, akwai nisa. Madatsun ruwan da ke samar da wuta, irin su Kainji da Jebba da Shiroro, suna tsakiyar ƙasa ne. Manyan tashoshin da ke ƙona iskar gas kuwa, kamar Egbin ta Legas, yawancinsu suna kudu. Kafin wuta ta isa Maiduguri, sai ta bi waya ta ɗaruruwan kilomita, ta ratsa Gombe da Damaturu. Maiduguri tana can ƙarshen igiya. Duk inda igiyar ta tsinke a hanya, ita ce za ta kwana cikin duhu.

Kada ka ɗauka wannan matsalar Borno ce kaɗai. A watan Oktoba na 2024, bayan lalacewar manyan layukan da ke kai wuta arewa, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin arewa sun shafe fiye da mako guda babu wuta. Mutanen Kano da Katsina da Bauchi suka ɗanɗana abin da mutanen Maiduguri suka sha a 2021.

Ita ma gwamnati ta fahimci cewa dole a samar da wuta kusa da masu amfani da ita. A watan Maris na 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wata tashar gaggawa mai ƙarfin megawat 50 a Maiduguri, wadda kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya gina. Aiki ne mai amfani. Sai dai tashar da iskar gas take aiki, kuma babu bututun gas da ya isa Maiduguri, saboda haka a manyan motoci ake kawo shi daga nesa. Rana kuwa ba a ɗauko ta a mota. Kullum tana fitowa a kan kowane rufi, tun daga Gwange har Bulumkutu.

Abin da doka ta ce

A da, harkar wuta gaba ɗaya tana hannun hukuma guda, wato NEPA, wadda aka kafa a 1972. Har yau idan an kawo wuta za ka ji yara suna kiran sunanta, ko da yake ta daɗe da shuɗewa. A 2005 aka yi dokar gyara harkar lantarki, aka kuma kafa hukumar NERC domin ta riƙa sa ido da ba da lasisi. A 2013 aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa. Jihar Borno, tare da Adamawa da Taraba da Yobe, tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Yola.

Shekarar 2023 ta zo da sauye-sauye biyu. A watan Maris aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta ko da a wuraren da babban layin ƙasa ya isa. A watan Yuni kuma Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar lantarki. Bisa wannan doka, mutum yana iya samar da wutar da ba ta wuce megawat ɗaya ba a wuri guda ba tare da lasisi ba. Haka kuma yana iya rarraba wutar da ba ta wuce kilowat 100 ba. Domin ka gane girman wannan, ka yi lissafi: kilowat 100 zai kunna ƙwan fitila 10,000 masu cin wat 10 kowanne.

Ke nan doka ta buɗe ƙofa. To amma ba kowa ne yake jin daɗin buɗewar ba. A 2015 Hukumar Kwastan ta sanar da hana shigo da ƙananan janareta, irin waɗanda talaka yake iya saye. A watan Maris na 2020, Sanata Bima Enagi daga Jihar Neja ya gabatar wa Majalisar Dattawa ƙudurin hana shigo da janareta da sayar da su, har da ɗaurin shekara 10 ga wanda ya saɓa. Ƙudurin bai zama doka ba. Ka lura da lokacin: wata goma kacal kafin duhun Maiduguri. Da an zartar da shi, da me masu niƙa da teloli za su yi aiki a 2021? Wanda bai iya ba ka ruwa ba, bai kamata ya hana ka haƙa rijiya ba.

Inda gizo ke saƙa

Yanzu ka zaga unguwarku da dare a lokacin da aka ɗauke wuta. Za ka ga gida ɗaya yana haske kamar rana, gidaje goma na kewaye da shi suna cikin duhu. Doka ta ba su duka izini iri ɗaya, amma aljihunsu ba ɗaya ba ne. Farantan sola da batir da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wadda kayan gida suke amfani da ita, suna bukatar kuɗi mai yawa a tashin farko. Janareta ya fi araha wajen saye, amma kullum sai ya sha mai. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, daga baya kuma ya ƙara hawa. Ƙananan sana'o'i da yawa sun gano cewa ribar yini ba ta biyan kuɗin man yini.

A gefe guda kuma akwai wutar da take tafiya a banza. Ka ɗauki misalin makarantar da ta sa farantan sola a rufinta. Ranar Asabar da Lahadi babu ɗalibai, haka ma lokacin hutu, amma rana ba ta hutu. Da zarar batir ya cika, sauran wutar da farantan za su iya bayarwa sai ta tafi ba wanda ya amfana. A daidai wannan lokaci, mai sayar da ƙanƙara a bayan katangar makarantar yana ƙona fetur mai tsada. Haka abin yake ga ofishin da ake rufewa da la'asar, da gidan da mutanensa suke fita aiki tun safe. Shi ma babban janareta, idan aka kunna shi domin ɗan ƙaramin aiki, yana shan mai fiye da amfanin da yake bayarwa.

Ga mai rara, ga mai bukata, katanga ce kawai tsakaninsu. Me ya hana su haɗuwa? Abu na farko shi ne rashin sani: mutane da yawa ba su san abin da doka ta halatta musu ba. Na biyu shi ne yawan matakai. Masana'antar da ta karɓi izinin samar da wutar da ta wuce megawat ɗaya, izinin na amfanin kanta ne. Idan tana son sayar da rara, sai ta sake neman amincewar hukuma. Wanda kuma yake son kafa ƙaramar tashar unguwa ta hanyar amfani da wayoyin kamfanin rarraba wuta, sai ya ƙulla yarjejeniya tsakaninsa da jama'ar wurin da kamfanin. Babban ɗan kasuwa mai lauya zai iya bin waɗannan matakai. Ƙungiyar teloli ashirin fa?

An gwada, an ga amfani

Abin da nake kira a yi ba mafarki ba ne. A kasuwar Sabon Gari ta Kano, tun wajen 2018, an kafa farantan sola a ƙarƙashin wani shiri na Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara, aka ja wuta zuwa shaguna, kowane ɗan kasuwa yana biyan kuɗin abin da ya sha. Ba sai kowa ya ajiye janareta a ƙofar shagonsa ba. A 2019 aka buɗe tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano. A ƙarƙashin irin wannan shiri ne aka yi wa Jami'ar Maiduguri da asibitin koyarwarta tasu tashar. Abin da ya yiwu a Sabon Gari zai yiwu a kasuwar Monday da ta Gamboru, da kasuwar kifi ta hanyar Baga, inda sanyi yake nufin kaya ba za su ruɓe ba.

Mu kuma leƙa wajen ƙasa. Afirka ta Kudu ta daɗe tana dogara da kamfani ɗaya na gwamnati mai suna Eskom. Da tashoshinsa suka tsufa, sai aka koma ɗauke wuta bi da bi, unguwa bayan unguwa. A wancan lokaci duk wanda zai samar da wutar da ta wuce megawat ɗaya sai ya nemi lasisi. A 2021 gwamnatin Shugaba Cyril Ramaphosa ta ɗaga wannan iyaka zuwa megawat 100, a farkon 2023 kuma aka cire ta gaba ɗaya. Ma'adinai da masana'antu da gidaje suka shiga kafa nasu farantan. Wannan, tare da gyaran tashoshin Eskom, ya taimaka wajen rage ɗauke wuta a 2024. Darasin a fili yake: idan hukuma ta kasa ɗaukar kaya ita kaɗai, sai ta bari a kama mata.

Masu ja da wannan ra'ayi

Adalci ne ka ji abin da masu suka suke cewa, domin maganarsu tana da nauyi.

Na farko suna cewa akwai haɗari. Gaskiya ne. Hayaƙin janareta yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Idan aka kunna shi a cikin ɗaki ko a soro mara iska, yana iya kashe mutanen gida suna barci, kuma hakan ya sha faruwa a Nijeriya. Waya mara kyau tana haddasa gobara. Janaretan da aka haɗa da wayoyin gida ba tare da makunnin sauya layi ba yana iya tura wuta baya zuwa layin titi, ta kama ma'aikacin da ya hau turke yana gyara. Tsofaffin batura kuma suna ɗauke da dalma, wadda take cutar da ƙwaƙwalwar yara. Amsar ita ce, duk waɗannan haɗura sun fi yawa a inda ake yin abu a ɓoye. Wayar da aka ja da dare don tsoron hukuma, ba wanda zai duba ta. Wadda aka ja da rana da izini, ƙwararre zai iya zuwa ya gwada ta. Bugu da ƙari, tsari guda mai kyau da ke ba shaguna hamsin wuta ya fi janareta hamsin aminci, ya kuma fi su ƙarancin hayaƙi da ƙara.

Na biyu suna cewa kamfanin rarraba wuta zai karye. Idan manyan masu biyan kuɗi suka koma samar wa kansu, wa zai biya kuɗin gyaran waya da taransifoma? Nauyin zai koma kan talaka. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Sai dai manyan masu biyan kuɗin sun riga sun fara tafiya, musamman tun watan Afrilu na 2024 da aka ƙara wa masu samun wuta awa 20 a rana kuɗi, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. Hani ba zai dawo da su ba. Abin da zai riƙe su shi ne a mayar da su abokan ciniki. A sa musu mita mai ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita: da rana su tura rara a layi, da dare su karɓa, kamfani kuma ya riƙa karɓar kuɗin amfani da wayoyinsa, kamar yadda mai rumfa yake karɓar haya. Ta haka kamfani ya sami wutar sayarwa da kuɗin shiga, talaka kuma ya sami ƙarin awoyi na haske.

Na uku suna cewa gwamnati za ta sami hanyar zamewa daga nauyin da ke kanta. Wannan tsoro ma yana da tushe. Farantan rufin gida ba za su tafiyar da masana'antar siminti ko ta ƙarfe ba. Tsare manyan layuka, da gina ƙarin layi domin kada gari ya rataya a igiya ɗaya, da samar da wuta ga asibitoci da gidajen ruwa, duk aikin hukuma ne, kuma dole a ci gaba da tambayar ta a kansu. Amma mai jiran tuwon dare ba a hana shi shan kunu da rana.

Abin da ya kamata a yi

Tunda tsarin mulki ya ba jihohi iko, wasu kamar Enugu da Ekiti da Ondo sun karɓi ragamar kula da harkar wuta a cikin iyakokinsu tun 2024. Jihar da ta taɓa shafe kusan shekara cikin duhu ta fi kowa dalilin yin amfani da wannan dama. Ga abubuwa huɗu da nake ganin sun dace.

Na ɗaya, a sauƙaƙa rajista. Wanda zai ba maƙwabta ko 'yan kasuwa wutar da ba ta wuce kilowat 100 ba, ya cika takarda ɗaya a ofishi ɗaya, a kuma bayyana masa ƙa'idoji da Hausa da Kanuri da Turanci. Na biyu, a horar da matasa aikin haɗa waya da sola a kwalejojin fasaha, a ba su shaidar ƙwarewa, kada a bar kowa ya ja waya sai an duba aikinsa. Na uku, kowane mai saye ya sami mita, a kuma rubuta farashi a fili, domin kada mai rara ya zama azzalumi a unguwa. Na huɗu, a taimaka wa ƙungiyoyin sana'a da bashi mai sauƙi, su haɗa ƙarfi su sayi kayan sola su biya sannu a hankali. Jama'armu sun san adashe tun kaka da kakanni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kai kuma, mai karatu, akwai naka rabon aikin. Idan akwai janareta a gidanku, ka tabbata yana waje, nesa da ƙofa da taga, kuma ba a zuba masa mai yana aiki. Ka duba kayan wutar gidanku, ka karanta adadin wat da aka rubuta a jikin kowanne, ka tara, domin ka san abin da gidan yake ci. Idan makarantarku tana da farantan sola, ka tambayi malaminku inda wutar take zuwa a ranakun hutu. Nan da 'yan shekaru kai ne za ka zama injiniya, ko ɗan majalisa, ko shugaban ƙungiyar kasuwa, kuma wannan magana za ta zo gabanka. Idan ta zo, ka tuna da Maiduguri ta 2021, ka yi tambaya ɗaya a kan kowace doka da aka kawo: shin za ta ƙara yawan gidajen da ke da haske, ko za ta rage?

Tambayoyi

1. Me ya jefa Maiduguri cikin duhu a shekarar 2021, kuma ta yaya jama'a suka ci gaba da sana'o'insu?
2. Kilowat nawa ne a cikin megawat ɗaya? Ƙwan fitila nawa masu cin wat 10 kilowat 100 zai kunna?
3. Bayyana ma'anar karin maganar nan: "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni." Yaya ta dace da wannan darasi?
4. Kawo hujjoji uku na masu ja da ra'ayin marubucin. Wacce ce ta fi ƙarfi a ganinka, kuma don me?
5. Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukumarku, ka ba shi shawara a kan yadda za a samar wa kasuwar garinku wuta.